Yarinyata ta daina cin abinci, likita ya ce mu ga mai ba da shawara: magana ce za ta warkar da ita?

"Assalamu alaikum Malama. Yarinyata 'yar shekara 16 ce, tana aji biyu na babbar sakandare a makarantar kwana. Tunda ta dawo hutu na lura ta rame sosai, kayanta duk sun mata yawa, in an zuba abinci sai ta ce ta ƙoshi ko ta ce azumi take yi. Na taɓa kama ta a banɗaki tana tura yatsa a maƙogwaro bayan mun gama cin abinci. Al'adarta ma wata huɗu kenan ba ta gani ba. Mun yi gwajin taifot, maleriya, olsa, har na ciki babanta ya sa aka yi, duk babu komai. An yi ruƙya an sha rubutu. Yanzu wani likita ya ce ciwon ƙin cin abinci ne, mu kai ta wajen masu ba da shawara. Babanta ya ce sangarta ce kawai, wai ta yaya surutu zai sa mutum ya ci tuwo. Dan Allah meye gaskiyar abin nan, zaman shawarar yana aiki kuwa?"

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba ta lafiya ya ba ku ladan jinya. In na fahimce ki abu biyu kike tambaya a haɗe, na farko wannan ciwo ne ko kuwa hali ne da faɗa zai gyara, na biyu in ciwo ne me zama a ofis ana magana zai tsinana wa yarinyar da jikinta yake ƙarewa a gabanki. Toh ciwo ne, ba sangarta ba ce, kuma zaman shawara shi ne babban maganin da aka sani zuwa yanzu. Amma fa Alhaji bai yi kuskure gaba ɗaya ba. Idan kuka kai ta wajen wanda zai zaunar da ita ya yi mata nasiha kan godiyar Allah da amfanin abinci a jiki sannan a ce ku dawo bayan wata ɗaya, wallahi kuɗin mota kawai kuka yi asara. Zaman shawarar da ke aiki a wannan ciwo a kan faranti yake tafiya, wato me ta ci, yaushe, wa ya zauna da ita, me ya faru bayan ta ci, kuma a shekarunta ku iyaye ku ne za ku yi mafi yawan aikin, mu jagora muke.

Kafin komai, a duba jikinta

Abin da ya fi tayar min da hankali a saƙonki shi ne aman nan. Mai yawan jawo amai yana zubar da wani sinadari a jini da ake kira fotasiyam, shi kuma zuciya da shi take daidaita bugunta, in ya yi ƙasa sosai yarinya tana iya yanke jiki ta faɗi ba tare da wani gargaɗi ba. Saboda haka wannan satin ki koma wajen likitan ki ce a auna gishirin jininta, a duba bugun zuciya da hawan jini tana kwance da kuma tana tsaye, in akwai na'urar ECG mai auna yadda zuciya ke aiki a yi mata. A kuma tabbatar an cire sauran cututtukan da ke ramar da mutum a wajenmu, tarin fuka, ciwon suga, matsalar maƙoƙo, ƙanjamau, dan mu a nan ba ma tsallake waɗannan. Idan tana suma, ko jiri na ɗibarta in ta miƙe, ko bugun zuciyarta ya sauka ƙasa da 50 a minti ɗaya da rana, ko kin ga jini a aman, ko ta fara cewa gara ta mutu, wannan ba maganar jiran ranar ganin mai shawara ba ce, asibiti za a wuce a ranar. Anoreksiya, wato ciwon ƙin cin abincin nan, tana cikin cututtukan ƙwaƙwalwa da suka fi kisa, wasu ta zuciya wasu ta kashe kai, ban faɗa dan in tsorata ki ba, na faɗa ne dan Alhaji ya ji.

Kuma kar ki ce tunda an gano abin bari a cika ta da tuwo da fura da madara rana ɗaya. Jikin da ya daɗe da yunwa in aka danna masa abinci da yawa farat ɗaya, sinadarin fosfet yana iya faɗuwa a jini ya taɓa zuciya da numfashi. Likita ne zai faɗa muku daga ina za a fara da yadda za a riƙa ƙarawa, in ramar ta yi tsanani ma a gadon asibiti ake farawa.

Daga ina abin yake zuwa

Ba sabon ciwo ba ne. Wani likitan Ingila William Gull shi ya sa masa suna anoreksiya tun 1873, ita kuma bulimiya, wato mutum ya ci abinci mai yawan gaske ba ya iya tsayawa sannan ya je ya amayar ko ya sha maganin gudawa, Gerald Russell ne ya bayyana ta a Landan a 1979. An daɗe ana cewa ciwon 'ya'yan Turawa masu kuɗi ne. Amma akwai wani bincike da Anne Becker ta yi a tsibirin Fiji, mutanen da su ma kamar mu suke son mace mai jiki, talabijin ya shiga yankin a 1995, a lokacin ba a samu ko yarinya ɗaya cikin 'yan makarantar da aka tambaya da ke jawo amai dan rage ƙiba ba, zuwa 1998 an samu wajen kashi 11 cikin 100. Shekara uku kacal. Mu kuma yanzu ba talabijin ɗin falo ba ce, waya ce a hannun yarinya har cikin bargo, TikTok da Instagram, ga masu tallan shayin rage tumbi da bel ɗin ɗaure ciki. A gida ɗaya sai ki tarar yayar tana shan sha-ka-fashe dan ta yi ƙiba kafin biki, ƙanwar tana ɓoye abinci a leda tana zubarwa dan ta rame, dukansu an koya musu cewa jikin da suke ciki bai yi ba.

Amma waya kaɗai ba ta kawo shi, in ba haka ba da duk 'yan mata sun kamu. Akwai gado a ciki, akwai irin halin yarinya, yawanci waɗanda nake gani yara ne masu ƙoƙari, masu son komai nasu ya fita daidai, masu shiru da zurfin ciki, irin waɗanda ake nuna wa ƙanne a ce ku yi koyi da ita. Sai wani abu ya zo ya kunna, laƙabin da aka sa mata a hostel, ko gwaggo ta ce a gaban mutane ke wannan ƙibar wa zai aure ki, ko rasuwa, ko rabuwar iyaye, wani lokaci kuma wani ne ya taɓa ta ta kasa faɗa. Ta fara rage abinci, aka yaba mata, ta ji a karon farko akwai abu ɗaya da ke hannunta, shikenan. Ki cire wa ranki cewa ke kika jawo, binciken yanzu bai ɗora wa iyaye laifin wannan ciwo ba.

Dalilin da nasiha ba ta shiga

Wannan shi ne abin da nake so Alhaji ya fahimta. A 1944 zuwa 1945 a jami'ar Minnesota ta Amurka, wani masani Ancel Keys ya ɗauki maza 36 lafiyayyu waɗanda suka yarda da kansu, aka rage musu abinci kusan rabi na tsawon wata shida har suka zubar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu. Waɗannan ƙarti ba su da wata damuwa da ƙiba, amma sai ga su ba su da tunani sai na abinci, suna tara littattafan girki, suna tsinka abinci ƙanana ƙanana suna ɗaukar dogon lokaci a kan faranti ɗaya, ga saurin fushi, ga ƙunci, sun daina son shiga mutane. Da aka sake su su ci, wasu suka riƙa ci ba ƙaƙƙautawa har su yi rashin lafiya. Kinga kenan da yawa daga halayen da kike gani a yarinyarki kike cewa ba ita ba ce, taurin kan, kukan, kulle kai a ɗaki, yunwar ce da kanta take haifar da su. Ƙwaƙwalwar da ba ta samun abinci ba ta iya sauya tunani ko da wa ya yi mata wa'azi. Shi ya sa a aikinmu ba ma jira sai ta gane sannan ta ci, sai ta ci tukuna ganewar take zuwa. Kuma ba rashin jin yunwa ke damunta ba, tana ji, tsoro ne ya fi yunwar ƙarfi, shi ya sa maganin buɗe ciki na kemis ba ya yin komai.

Yadda zaman yake gudana a shekarunta

Ga 'yan ƙasa da shekara 18 hanyar da ta fi hujja ita ce wadda aka faro a asibitin Maudsley na Landan, ana yin ta da iyali gaba ɗaya, yawanci zama wajen 20 cikin wata shida zuwa shekara. Matakin farko iyaye su karɓi ragamar abinci gaba ɗaya. Ke za ki yanke me za a dafa, ke za ki zuba, ba a tambayarta nawa za ta iya, kamar yadda ba kya tambayar yaro mai zazzaɓi ko yana da sha'awar shan magani. Sau uku babban abinci, sau biyu ko uku ɗan abin taɓawa a tsakani, kowane ɗaya da babba a zaune kusa da ita har ta gama.

A farkon zaman nan akwai ranar da muke cewa a zo da abinci daga gida a kula, a ci a gabanmu. A nan ake ganin komai. Uwa ta buɗe kula ta zuba shinkafa da wake, tun kafin yarinyar ta yi magana hannun uwar da kansa ya rage, ta mayar da rabi, dan ta riga ta saba da rigimar. Yarinya ta ɗauki cokali tana tura shinkafar gefe gefe, tana matse man da bayan cokali, tana tsince waken ɗaya ɗaya. Uban ya yi shiru na ɗan lokaci sai ya fashe, ke wai me ke damunki ne, mutane na neman abin da za su ci. Uwar ta koma lallashi, haba 'yar albarka ko cokali biyu ne. Yarinyar ta sa kuka, sai iyayen su juya kan juna, kai ka cika zafi, ke kika ɓata ta, abinci ya huce ba wanda ya ci. Aikina a wannan lokacin ba in yi wa yarinyar huɗuba ba ne. In sa uban ya dawo kusa da ita ta dama, uwar ta hagu, a mayar da abin da aka rage, su biyun su riƙe magana ɗaya da murya a kwance, mun san da wuya, muna nan tare da ke, ɗauki na gaba. Ba duka, ba ɗure, ba gori, ba ciniki, kuma ba tashi. Wani lokaci awa guda ake yi a kan lomar da ta wuce inda ta yi niyyar tsayawa, amma ranar da iyaye suka ga ta haɗiye wannan lomar a hannunsu, suna komawa gida da wani ƙarfin gwiwa daban.

Akwai abubuwan da sai an gyara saboda yanayin gidajenmu. Cin abinci a tire ɗaya da 'yan'uwa yana ɓoye ciwon nan sosai, hannunta na zuwa yana dawowa amma ba wanda ya san me ta kai baki, dan haka a ware mata farantinta amma a ci tare. Bayan an gama ta zauna cikin mutane kamar awa ɗaya, ta shiga banɗaki kafin a fara ci ba bayan an gama ba. A kwashe shayin rage ƙiba da maganin gudawa daga gidan, har na manya. A daina zancen jikin kowa a gidan, har da yabon nan na kai masha Allah kin fara cikowa, domin a kunnenta kin yi ƙiba ta ji, kuma yana iya mayar da aikin sati uku baya. Mu muke auna nauyinta sau ɗaya a sati, ba sikeli a ɗaki ba. Maganar makarantar kwana kuma, ra'ayina kar ta koma wannan zangon sai likita ya gamsu, babu matron ɗin da za ta iya zama da yarinya ɗaya sau biyar a rana, karatu ana ramawa.

Muna kuma koya wa iyali su raba yarinyar da ciwon. Wadda ta watsar da faranti ta ce ta tsane ki ba 'yarki ba ce take magana, ciwon ne aka matsa masa. In kin riƙe wannan a ranki za ki iya tsayawa kan abinci ba tare da kin tsani yarinyar ba. Idan nauyi ya fara dawowa rigimar ta lafa, mataki na biyu a riƙa mayar mata da ragamar a hankali, ta zuba da kanta kina kallo, ta ci a gidan biki. Na uku ne ake zama sosai kan ita kanta, ƙawaye, yadda take ganin jikinta, tsoron faɗuwa jarabawa, da duk abin da ta daɗe tana haɗiyewa. Nakan ware lokaci in gan ta ita kaɗai tun daga farko, kuma ina gaya wa iyaye ƙarara cewa abin da ta faɗa min sirri ne sai dai in ya shafi ranta ko wani yana cutar da ita.

Ga waɗanda suka girme ta, ko masu bulimiya da masu ci ba tsayawa, akwai hanyar da Christopher Fairburn na jami'ar Oksfod ya tsara ana ce mata CBT-E, zama 20 cikin sati 20, in mutum ya rame sosai a kai 40. A nan mai ciwon ce take riƙe ɗan littafi tana rubuta abin da ta ci da lokacin da abin da take ji a ranta, a tsara cin abinci kar tazara ta wuce awa huɗu, saboda yawanci yunwar wuni ce take jawo cin haukan dare, cin ya jawo kunya, kunya ta jawo amai, gobe a sake ƙin ci. Ana nuna mata cewa aman ba ya fitar da duk abin da aka ci, maganin gudawa kuma ruwa yake fitarwa ba kitse ba. Sai a bi abincin da take tsoro ɗaya bayan ɗaya, a kuma rage tsayuwa gaban madubi da matsa ciki da auna cinya.

Azumi, ruƙya da ƙwaya

Ban taɓa ce wa iyali su bar addu'a ba, a ci gaba da yi, a haɗa da asibiti. Abin da nake hanawa shi ne duk wani magani da za a ce ta sha ta yi amai ko gudawa wai dan a fitar da sammu, wannan a jikinta yana iya zama ajali. Azumin Litinin da Alhamis kuma a dakatar da shi yanzu, dan ciwon yana son fakewa a bayan ibada inda ya san ba mai iya cewa a'a. Ko na Ramadan, Alƙur'ani a suratul Baƙara ya yi wa mara lafiya rangwame ya sha ya rama daga baya, in likita ya ce kar ta yi toh ku samu malamin da take ganin girmansa ya faɗa mata da bakinsa, ta fi karɓa daga wajensa.

Ƙwaya kuwa, babu wadda ke warkar da anoreksiya. Wata ƙwayar ciwon damuwa mai suna fluoxetine tana taimaka wa masu bulimiya, kuma in akwai ciwon damuwa mai tsanani likitan ƙwaƙwalwa zai iya rubuta wani abu, amma taimako ne a gefe. Sha-ka-fashe kar ma a kawo ta kusa, kumburi take sawa ta lalata ƙashi ta tayar da suga.

Inda za ku je, da iyakar abin da zan iya faɗa

Ki nemi takardar turawa zuwa sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa mafi kusa da ku, kamar na Aminu Kano ko na jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, Maiduguri, ko Dawanau a Kano. Na san abin da mutane za su ce in sun ji, ba dole ba ne kowa ya ji. Waɗanda suka ƙware a kan wannan ciwo kaɗai ba su da yawa a ƙasar nan, gaskiya kenan, dan haka ki tambayi duk wanda aka haɗa ku da shi, zai sa iyaye a cikin zaman? zai riƙa bibiyar nauyinta? yana aiki tare da likita da masanin abinci? In ya ce shi ba ruwansa da zancen abinci tunaninta kawai zai gyara, ki nemi wani.

Ban ga yarinyarki ba, ba zan iya yanke wane nau'i ne take da shi daga saƙo ba, wanda ya duba ta ne zai faɗa. Kuma ba zan ce miki kowa na warkewa da wuri ba, a binciken da aka yi kan hanyar iyali wajen rabin yaran ne suke warkewa sarai cikin shekara ɗaya zuwa biyu, wasu da dama su samu sauƙi, wasu sai an canza hanya ko an kwantar da su. Ciwon kuma yana iya sake leƙowa lokacin WAEC ko shirin aure ko bayan haihuwa. Abin da ke gefenku shi ne ƙuruciyarta da kuma cewa abin bai daɗe ba, waɗanda aka gano ciwon nasu cikin shekara uku na farko sun fi samun nasara, al'ada kuma yawanci tana dawowa in nauyi ya dawo.

Ranar zuwa ki yi ƙoƙari Alhaji ya biyo ku ko da zaman farko ne, dan in ke kina cewa sai ta cinye shi yana cewa a ƙyale ta ko yana zare ido, aikin ba zai tafi ba. Ita kuma kar a yaudare ta a ce unguwa za a je. Ki same ta ita kaɗai ba lokacin cin abinci ba, ki faɗi abin da idonki ya gani ba tare da zargi ba, na ga kina amai, na ga al'adarki ta tsaya, hankalina ya tashi, ranar kaza za mu ga likita ni da ke da babanki. Za ta musa, za ta iya yin fushi ta ce lafiyarta ƙalau, kar ki tsaya gardama kuma kar ki ɗaga ranar. Ki tafi da sakamakon duk gwaje-gwajen da aka yi, da kwalin duk wani shayi ko magani da kika samu a jakarta, ki kuma rubuta abin da ta ci a kwana ukun da suka gabata da lokutan da kika lura ta shiga banɗaki bayan ci.